Na Je Gaya, Na Dawo Da Jaka

A wannan watan tafiya nake so mu yi da ke, ba mai nisa ba, nan gabashin Kano ne, garin Gaya. Amma kafin mu hau mota bari in faɗa miki abin da na tafi da shi a raina, don in ban faɗa ba, ba za ki gane abin da ya zaunar da mace mai takardar NCE a kan tabarma kwana uku ana koya mata ɗinkin jaka kamar 'yar shekara goma ba.

A bazarar bara ne, ana saura mako guda mu yi hutu a Islamiyyar da nake koyarwa, wata yarinya 'yar ajina, ba za ta wuce shekara 9 ba, ta shigo a makare tana sauri. Littattafanta suna cikin baƙar leda, irin wadda ake zuba cefane. Daidai bakin ƙofa ledar ta yage daga gindi, komai ya zube, Alƙur'aninta ya faɗi a buɗe dab da inda ruwan alwala yake kwanciya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi mata faɗa a gaban 'yan aji, faɗa mai zafi, har na ce wanda bai san darajar littafin Allah ba me ya zo nema makaranta. Ba ta ce uffan ba, ta tsugunna tana tsincewa tana share ƙasar da gefen hijabinta. Sai da aka tashi ta zo ta tsaya kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malama, ledata ta uku ke nan a satin nan. Ummata ta ce in yi haƙuri sai an sami kuɗin jaka." Washegari na zauna a bakin ƙofa ina kallon yaran suna shigowa, sai na ga fiye da rabin ajin a leda suke zuwa da littattafansu. Shekara da shekaru ina koyarwa, idona bai taɓa kai wa nan ba.

Da aka yi hutu na shirya zuwa gaida Gwaggona, yayar mahaifina, wadda aure ya kai Gaya tun kafin a haife ni. Daga Kano titin Maiduguri ake bi, a wuce Mariri inda kasuwar goro take, a miƙe har Wudil. In Juma'a ce ki shirya zaman mota, don ranar kasuwar Wudil take ci, manyan motocin shanu su cika hanya. Mu ranar Litinin muka bi. Daga kan gada na leƙa kogin, ya janye ya bar yashi fari fat a gefe da gefe, yara suna wanka a ɗan abin da ya rage. Daga Wudil sai Gaya, kilomita 60 da ɗoriya ke nan daga Kano. Wanda ya zarce, Dutse zai faɗa, a Jihar Jigawa da aka cire daga Kano a 1991.

Tsakanin Wudil da Gaya na fi kallon waje. Gonaki an share su fes, an jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwan shuka. Kuka ta tuɓe ganyenta ta tsaya tsirara, gawo kuwa shar da shi, don shi al'amarinsa a juye yake, da rani yake ganye, da damina ya zubar. Amma abin da ya fi yawa a idona leda ce. Ta maƙale a jikin kowace ƙaya, baƙa ƙirin kamar jemagu sun sauka, ga ta kuma tana leƙowa daga cikin tsibin takin, saboda sharar gari ake kwasowa a kai gona. Na sha bin hanyar nan, amma sai da ledar yarinyar nan ta yage a gabana na fara ganin ta.

Gaya ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Labarin da aka gada ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna haƙo tama, daga Gaya suka taso, kuma sunan jagoransu Kano. Haka a labarin Bayajidda, an ce a Gaya ya tsaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Masana suna ta muhawara a kan waɗannan labarai. Ni abin da ya ja hankalina shi ne duk biyun abu ɗaya suke faɗa a kan garin: wurin masu yin abu da hannu ne. A zamaninmu kuwa an fi jin sunan Gaya a maganar sarauta, tun da aka ɗaga darajar masarautar a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma sake kafa ta cikin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Wannan maganar maza ce a majalisa. Mu shiga cikin gida.

Na sami Gwaggo a gindin darbejiyar tsakar gidanta. Bayan mun gaisa na sha ruwan randa da fura, sai na waiwaya wajen turke na ce, "Gwaggo, ina jar akuyar nan mai haihuwar tagwaye?"

Ta ce, "Hmm, 'yar nan, ta ci leda, leda ta ci ta."

Wai ramewa ta riƙa yi, a zuba mata dusa ta sansana ta kau da kai, ciki kuwa a kumbure. Da aka ga za a yi asara aka kira mahauci. Yana farka tumbin sai ga leda ta cure guri guda kamar gammo, ta cika kwano. 'Yar uwa, wannan ba a gidan Gwaggo kaɗai yake faruwa ba, ki tambayi kowane mahauci. Da bazara ciyawa ta ƙare, dabba tana yawo ta tarar da ledar da aka zuba ƙosai ko awara, ga ƙanshin mai ga gishiri, sai ta haɗiye. Cikinta ba ya iya narkar da ita, sai ta taru ta tare wurin abinci, dabba tana jin ƙoshi alhali yunwa ke kashe ta. Akuya kuwa a wajen macen karkara ita ce banki. Da ita ake kuɗin asibiti, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya.

Nan na ba ta labarin ɗalibata. Na ɗauka za ta taya ni jimami, sai ta bushe da dariya. Ta ce, "Malama guda, da karatunki har kwaleji, jaka ce ta gagare ki?" Ta nuna min ƙusar da ke jikin bango. Gafakar marigayi mijinta ce a rataye, fatar ta yi baƙi saboda tsufa amma ɗinkin ko gezau. Ta ce a da ko almajiri ba ya ɗaukar Alƙur'ani sai a gafaka. Daga nan ta shiga lissafa min: wanzami da zabirarsa, matafiyi da burgaminsa, mai jaki da mangala da taiki, mace da adudu da lefenta na kaba, wanda shi ne ya bar mana sunan kayan lefe duk da yanzu akwatuna ake jerawa. Kowane kaya da mazubinsa. Yanzu duk mun tattara mun miƙa wa leda, in kaya ya yi yawa a ɗauko bakko ko Gana-mas-go, wadda ita ma sunanta ya samo asali ne daga korar baƙi da gwamnatin Shagari ta yi a 1983.

Ta ce, "Gobe da hantsi za ki zauna. A zamaninmu in an ce mutum ya dawo da jaka, fam 100 ake nufi, Naira 200 taku. Ke ma ba za ki koma Kano hannu rabbana ba." A Nijar har yau in an ce jika guda, sefa 1,000 ake nufi.

To, ga yadda aka koya min, ki matso kusa.

Farko dai kada ki je kasuwa yankar yadi. Gwaggo ta hana, ni ma na hana. Ki buɗe akwatinki, akwai tsohon zanin atamfa da tsakiyarsa ta mutu amma gefensa da sauran ƙarfi. Akwai wandon jins ko na kaki da maigida ya daina sawa. Akwai kuma ƙyallayen da ke zube a ƙarƙashin keken telan unguwarku, waɗanda shara zai kai su in ba ki roƙa ba. Abin lura ɗaya ne, ki nemi mai auduga. Tun da masaƙunmu na Kano da Kaduna suka durƙushe, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, akasarin atamfar da ke Kantin Kwari daga waje take zuwa, da yawa kuma da roba a jikinta. Gwajin ba wuya. Ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana. In auduga ce za ta ci wuta ta zama toka mai laushi, da wari irin na takarda. In roba ce sai ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Bayan kin zaɓa ki wanke, ki shanya, ki goge, don in zai zuba ko zai tsuke ya yi tun yanzu, ba sai ya rina miki shafukan littafi ba.

Sai awo. Ni na zaro tef daga jakata, Gwaggo ta harare shi ta shimfiɗa hannunta a kan zanin. Faɗi taƙi biyu, tsawo kamu biyu. Da na bi bayanta da tef ɗin a ɓoye na sami inci 16 da inci 36. Ƙyalle ɗaya ne dogo, ba biyu ba, kuma nan hikimar take. In kin ninka shi biyu, ninkin shi ne gindin jaka, babu ɗinki a wurin balle ya farke. Ina jin haka na tuna daga ina ledar yarinyar nan ta yage. Idan da ƙananan ƙyallaye za ki yi, ki fara harhaɗa su har su kai wannan girman, amma ki sa mafi kauri a tsakiya inda zai zama gindi.

Ki ninka fuska tana kallon fuska, ki ɗinke gefe biyun, ki bar kamar rabin inci daga baki, ki sake bi karo na biyu. Sannan ki kama kowace kusurwar gindi ki baje ta ta yi tsini, ki auna inci 2 daga tsinin, ki ɗinke a gicciye. Wannan ɗan aikin shi ne bambancin jaka da buhu, shi yake sa ta zauna da gindinta, littafi ya tsaya a miƙe. Ki yi wata irinta sak da ƙyalle mara nauyi, ko tsohon zanin gado, ita ce shafi. Kafin ki haɗe gefen shafin ki ɗora masa ɗan aljihu, na biro da fensir da kuɗin Laraba.

Maratayi shi ya fi cin lokaci. Ƙyalle biyu, faɗi inci 4, tsawo inci 24. Ki kalmaso bakin nan da bakin can su haɗu a tsakiya, ki sake ninkawa, ki danne da dutsen guga, ki bi gefe da gefe da ɗinki. Na yara gara ki yi guda ɗaya dogo wanda za su saƙala ta kafaɗa ya sauka a kwiɓi, hannuwansu su huta. Daga nan ki juya jakar fuskarta ta fito, ki zura shafin a ciki, ki kalmasa bakinsu duka biyu zuwa ciki kamar inci guda, ki cusa bakin maratayin a tsakaninsu, ki zagaye da ɗinki sau biyu. Inda maratayi ya shiga kuma ki yi masa ɗinki mai kusurwa huɗu, ki gicciya a cikinsa. Duk nauyin jaka a nan yake rataye.

A nan na yi abin kunya. Na gama tawa ina murna, na ɗaga, ashe maratayi ɗaya a murɗe na ɗinke shi. Na ce, "Gwaggo, ai ba mai lura." Ta miƙo min reza ta ce, "Kafaɗar yarinyar za ta lura. Farke." Na farke ina gumi, tana ta taka kekenta Butterfly na ƙafa, wanda ta saya da kuɗin adashi tun ina goye, ba ruwansa da ɗauke wuta. In ba ki da keke kada ki ce an bar ki a baya. Ki ninka zare biyu, a kowane ɗauki ki mayar da allura baya kaɗan kafin ki ci gaba. Ya fi jinkiri, amma ƙarfinsa bai gaza na keke ba.

Abu ɗaya na ƙara daga wajena, ba daga Gwaggo ba. Na san halinmu da son ado, wata za ta ce bari ta yi surfanin aya ko sunan Allah a jiki tunda ta Alƙur'ani ce. Don Allah kada ki yi. Jakar yaro ce, za a ajiye ta a ƙasa, za ta shiga cikin wanki. Ki yi mata fure ko ki sa sunan mai ita. Kuma ta makaranta daban, ta cefane daban.

A rana ta uku muka tafi barkar haihuwa wani ƙauye ta ɓangaren Ajingi. Rana ta take, irin zafin watan Afrilu da ma'auni yake kai wa 40. Kafin mu fita na ga Gwaggo ta tsoma wata 'yar jaka a ruwa ta matse sama-sama, ta saka gorar ruwan shanmu a ciki ta rataya. Da muka isa ruwan bai yi ɗumi ba. Abin da aka koya mana a aji ne da dogon bayani: ruwa in yana bushewa yana tafiya da zafin abin da yake jikinsa, shi ya sa randa take sanyi, shi ya sa gumi yake sanyaya jiki. Gwaggo ba ta san sunan abin ba, amma ita ce ta zo da ruwa mai sanyi. Dalilin da ya sa jakar auduga ta dace da bazara ke nan, tana shan iska. Ki saka alayyahu ko tumatir ko mangwaro a baƙar leda ki taho da shi cikin rana, kafin ki iso gida ya yi gumi ya fara laushi. A jakar ƙyalle ba haka ba, musamman in mai haske ce, don baƙi ya fi jan zafi.

Ba zan ɓoye miki aibinta ba. Ba ta ɗaukar nama ko manja ko niƙa, waɗannan sai kwano ko roba mai murfi. Tana datti, sai kin riƙa wankewa. Da damina kuma ruwa yana ratsa ta, dole yaro ya sa ta ƙarƙashin hijabi ko riga in hadari ya taso.

A gidan barkar na zauna kusa da wata tsohuwa tana saƙar kaba, yatsunta suna tafiya ba ta ko kallonsu. Na tambaye ta ko jikokinta sun iya. Ta ce wa zai zauna, alhali ko dunƙulen Maggi ɗaya ka saya sai an ƙulla maka a leda? Gaskiyarta. Ƙasashe da yawa sun gaji da wannan hali. Bangladash ta hana leda tun 2002, bayan an ga yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokarta a 2014, amma wanda ya je Maraɗi zai ga dokar ba ta hana leda yawo a titi ba. Jihar Legas ma ta fara aiwatar da hani a kan wasu nau'o'in leda da roba a watan Yulin 2025. A ganina doka ba za ta yi nisa ba muddin mace ta fito cefane hannunta babu abin da za ta miƙa wa mai kayan miya. Kafin mu baro gidan mata uku sun karɓi jakar Gwaggo sun jujjuya, sun leƙa cikinta, ɗaya ta ce a ɗinka mata biyu za ta aiko da kuɗin ranar kasuwa.

Na baro Gaya da jaka shida, huɗu na Gwaggo, biyu nawa, da ƙullin ƙyallaye da ta sa aka karɓo min wajen telolin bakin kasuwa. A mota na rungume su a cinya har Kano.

Ranar da aka koma makaranta na kira yarinyar gefe, ba a gaban aji ba, ko da yake a gaban aji na yi mata faɗan. Na ba ta wadda na farke na sake ɗinkawa, mai ruwan ganye da shafin zanin gado. Na ce ta yafe min. Ta rasa inda za ta sa kanta, ta rufe fuska da jakar. Sauran biyar na raba wa waɗanda na ga ledarsu ta fi jin jiki, sai rigima ta tashi, kowa yana son tasa. Dole na roƙi shugabar makaranta ta ba mu aji ranar Alhamis da safe, tunda ba karatu, na tara 'yan matan babban aji da allura da zare. Wasu sun iya tun a zaman farko, wasu har yau a murɗe suke ɗinke maratayi, ni kuma in miƙa musu reza.

Shekara guda ke nan, jakar yarinyar ta koɗe saboda wanki amma gindinta lafiya lau. Makon jiya bayan an tashi ta sake zuwa ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Malama, Ummata ta ce in tambaye ki, wai faɗin taƙi nawa ne?"